Yadda Ake Gane Lamba Gagara-Rabo

Ya kai mai karatu, ɗebi goro 12 ka kasa shi yadda kowane kashi zai yi daidai da ɗan'uwansa. Zai kasu biyu, shida-shida. Zai kasu uku, huɗu-huɗu. To, ƙara ƙwaya ɗaya ya zama 13. Duk yadda ka juya shi sai an sami saura, sai fa in ka bar shi tuli guda, ko ka ba mutum 13 ɗai-ɗai. Irin su 12 su ne lambobi masu rabuwa. Irin su 13, waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu, su ne gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, har gaba. Ita 1 ba ta cikin kowane ɓangare, domin mai raba ta ɗaya ne tak.

Inda yara ke tuntuɓe, har da wasu manya, shi ne zaton duk lambar da take mara gagara-rabo ce. Ba haka ba ne. Gaskiya ne duk lamba cika tana rabuwa biyu, kuma 2 ce kaɗai cika a cikin gagara-rabo. Amma dubi 51. Mara ce, ga ta kamar ba za ta rabu ba, alhali 3 sau 17 ce. Haka 91, wadda ta fi kowace yaudara a ƙasa da ɗari: 7 sau 13.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da ido, gwada. Fara da alƙalamin ƙarshe. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, 2 ta raba ta; in 0 ko 5 ne, 5 ta raba ta. Sa'an nan tara alƙalumanta. Na 87, wato 8 da 7, sun ba da 15. Tunda 3 na raba 15, tana raba 87. Bayan wannan sai rabawa da hannu, da 7, da 11, da 13.

A ina za ka tsaya? Nan ne dabarar take, kuma ita ce ta fi cancanta malami ya daɗe a kanta. Ɗauki 223. Da yake 15 sau 15 ta kai 225, ta wuce 223, ba ka da aiki da abin da ya haura 15. Dalili kuwa, in da akwai babbar lamba mai raba ta, dole tana da ƙaramar abokiya ƙasa da 15, da tuni ka ci karo da ita. Gwada 2, 3, 5, 7, 11 da 13, duk za su bar saura. Ashe 223 gagara-rabo ce. Maƙwabciyarta 221 kuwa, 13 sau 17 ce.

Wannan ilmi ya daɗe. Eratostenis, mai kula da babban ɗakin littattafai na Iskandariya a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake jingina wa hanyar da ake kira rariya: a rubuta lambobi a jere, a bar 2 a soke ninkinta duka, a bar 3 a soke nata, haka har a tankaɗe masu rabuwa. A yau kuma da manyan gagara-rabo ake kulle saƙonnin banki a intanet.

Iyaye da malamai, ku sa yara su rubuta 2 zuwa 100 a allo su tankaɗe da 2, 3, 5 da 7. In sun yi daidai, lamba 25 za ta rage, ta ƙarshensu 97.