Agogon saba ya ƙi saituwa tun da muka koma Debian 12

  

Ni ke kula da kwamfutocin reshen wani kamfanin sayar da magunguna a sari a nan Kano. Muna da saba guda ɗaya da ke riƙe da rumbun bayanan kaya da na ciniki, kuma daga gare ta kyamarorin tsaro da na'urar dangwalen ma'aikata suke karɓar lokaci. Ita kuma tana karɓa daga sabar hedikwata, domin katangar tsaron kamfani ba ta barinmu mu tambayi lokaci a wani wuri. Shekara da shekaru haka muke a kan Debian 11, ba a taɓa jin kanmu ba.

Da na ɗaga ta zuwa Debian 12 sai na ga ntp ta koma ntpsec. Na buɗe sabon fayil ɗin saitinta, na goge layuka huɗu na pool da suka zo a ciki, na rubuta adireshin sabar hedikwata shi kaɗai, kamar yadda yake a da. Manhajar tana tashi lafiya, ba ta kawo wani ƙorafi. Amma agogo ya fara zamewa, yanzu yana baya da kusan minti shida. In na buga ntpq -p layi ɗaya nake gani, reach yana nuna 377, gefen hagu babu alamar komai. Ran nan kuma aka ɗauke wuta tun dare, inbata ta mutu kafin asuba, da safe saba ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, har apt ta ƙi aiki. Da hannu na saita ta daga wayata.

Abin da ya fi damuna, na'urar dangwale ta kama nata lokacin daban, manaja ya fara zaftare kuɗin makara, ma'aikata suna kallona da shi. Wani abokina ya ce in sa ntpdate a cron ya riƙa gyarawa duk awa, wani ya ce in koma Debian 11 in huta. Malam, wanne zan bi?

Naka, mai kula da kwamfutoci daga Kano.

To, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Madalla da ka turo abin da ntpq ya nuna, don amsarka tana cikin wannan layi ɗaya.

Lambar 377 albishir ce. Manhajar tana riƙe da sakamakon tambayoyi takwas na ƙarshe da ta aika, tana rubuta shi da lissafin tushe takwas, shi ya sa yake hawa 1, 3, 7, 17, 37, 77, 177 har ya tsaya a 377. In ya kai nan, duk takwas ɗin an amsa su. Ke nan waya lafiya, katanga ba ta tare ƙofa mai lamba 123 ta UDP da lokaci ke bi ba, sabar hedikwata kuma tana raye. Abin da babu shi ne alamar tauraro a farkon layin, wadda ke nuna cewa an zaɓi wannan majiya ana saita agogo da ita. Sabarka tana jin lokacin daidai daga hedikwata duk bayan minti ɗaya da ɗoriya, tana ganin ta yi baya, amma ta ƙi taɓa agogonta. Wani layi ne a cikin saitinta ya hana ta.

Koma /etc/ntpsec/ntp.conf, ka duba sama da inda ka goge layukan pool. Za ka ga wani layi da Debian ta zo da shi: tos minclock 4 minsane 3. Wannan minsane 3 cewa yake kada a saita agogo sai an sami aƙalla majiyoyi uku da za a gwada maganarsu. Tsohuwar ntp, in ba a faɗa mata komai ba, majiya ɗaya ta ishe ta, shi ya sa tsarinku ya yi shekaru yana tafiya. Sabon fayil ɗin an rubuta shi ne da zaton layukan pool huɗun nan suna nan, kowanne yana jawo sabobi da dama. Kai ka cire majiyoyin, ka bar sharaɗin. Kamar alƙali ne da doka ta ce masa sai da shaidu uku, aka kawo masa ɗaya: ko mai gaskiya ne, zai saurare shi ya rubuta, amma ba zai yanke hukunci ba.

Ni ban ga laifin sharaɗin ba, ko da yake da manhajar za ta ɗaga murya a kansa da ta rage wa mutane wahala. David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka, wanda ya ƙirƙiro NTP kuma ya fitar da bayaninta na farko a 1985, ya gina ta ne a kan zaton cewa wata majiya za ta yi ƙarya wata rana, ko don ta lalace ko don an yi mata kutse. Mai majiya ɗaya duk inda ta nufa zai bi ta. Mai biyu, in suka saɓa, ba shi da hanyar sanin wadda ta kauce. Da uku ne ake fara samun rinjaye, ta huɗu kuma ita ce ke riƙe rinjayen ranar da ɗaya ta mutu. Takardar RFC 8633 ta 2019, wadda ta tattara ƙa'idojin gudanar da NTP, majiyoyi huɗu masu zaman kansu ta ba da shawara ga duk wanda daidaiton lokaci ya dame shi.

Saboda haka gyara biyu ne a gabanka. Na yau shi ne ka sa alamar # a farkon layin tos ɗin nan, ko ka mayar da minsane zuwa 1. Ka tabbata layin sabar hedikwata yana ƙarewa da kalmar iburst, wadda ke sa a aika tambayoyin farko a jere maimakon jiran daƙiƙa 64 tsakanin kowace biyu. Sai ka buga systemctl restart ntpsec, ka ɗan jira, ka sake ntpq -p. Tauraro zai fito, lambar offset, wadda ake ƙirgawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, za ta faɗo daga dubu ɗari uku da wani abu zuwa 'yan ƙananan lambobi. Na dindindin kuwa sai da hannun masu kula da katanga a hedikwata: ko su buɗe muku ƙofar 123 zuwa waje ka mayar da layukan pool, ko su tanadi sabobin lokaci uku ko huɗu a cikin gida. In sun yi, ka mayar da layin tos yadda yake.

Amma kada ka yi wannan da tsakar ciniki. Bambancin da bai kai kashi 128 cikin dubu na daƙiƙa ba, manhajar a hankali take cike shi, tana ɗan ƙara wa agogo sauri ko ta rage. Wanda ya wuce haka tsallake shi take yi lokaci guda. Naka yana baya, don haka gaba zai yi tsalle, wanda ya fi sauƙi, amma duk da haka ka bari a rufe shago, ka tsayar da rumbun bayanai, sannan ka gyara. Da gaba yake, da tsallen baya zai yi, rasit ɗin da aka yanka daga baya ya fito da lokacin da ya riga na gabansa, mai binciken kuɗi ya zo yana tambayarka abin da ba ka da amsarsa. Wannan ne ma dalilin da na ce ka bar shawarar ntpdate a cron. Duk awa zai riƙa fizgar agogo, wani lokaci gaba wani lokaci baya, ciwon yana nan an lulluɓe shi. Kuma ba zai amfani kyamarori da na'urar dangwale da komai ba.

Ga dalili. Sabar da ba ta zaɓi majiya ba tana ɗaukar kanta a mataki na 16, wato matakin wanda bai san lokaci ba, kuma duk amsar da ta bayar tana ɗauke da wannan gargaɗi. Na'urar da ta san aikinta in ta ga haka sai ta watsar da amsar ta ci gaba da nata agogon. Shi ya sa na'urar dangwale ta kama gabanta. Ko ntpdate ya daidaita agogon saba tsaf, ntpsec za ta ci gaba da cewa ba ta da tabbas, su kuma su ci gaba da ƙin karɓa. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton fuskar na'urar dangwalen kusa da wayar da ke karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa, ka kai wa manaja. Wanda aka zaftare wa kuɗi a kan mintocin da na'ura ta ƙara masa yana da haƙƙi, kuma da zarar ka gyara, hujjar ta tafi.

Batun tashi da tsohon kwanan wata kuwa ciwo ne na biyu, sabuntawar tona shi kawai ta yi. A jikin allon kwamfuta akwai ɗan agogo da ke ci gaba da tafiya in an kashe ta, da ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci CR2032 mai bolt 3. Muddin lokaci yana daidai, Linux tana rubuta shi a cikin wannan ɗan agogo duk minti 11. Tun ranar da ntpsec ta ƙi zaɓar majiya wannan rubutu ya tsaya, kowace ɗaukewar wuta kuma tana mayar da saba ga abin da ɗan agogon ya riƙe. Agogon kwamfuta mai kuskuren kashi 20 cikin miliyan bai cika yin daƙiƙa biyu a yini ba, don haka minti shida ya fi kama da aikin batir mai rauni. Dawowa da shekarun baya kuwa alama ce ta batirin ya gama. A da ma mai yiwuwa yana yin hakan, tsohuwar ntp tana gyarawa kafin ka iso ofis. Ka canza shi, ba shi da tsada, masu gyaran agogo ma suna sayarwa.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da irin wannan safiya. In bambanci ya wuce daƙiƙa 1000, wato minti goma sha shida da 'yan kai, manhajar takan ɗauka wani babban abu ya lalace, ta fita ta bar agogon. Zaɓin -g ne ke ba ta izinin yin babban tsalle sau ɗaya a farkon tashi. Debian tana sa shi a /etc/default/ntpsec, ka leƙa ka tabbata yana nan. Ita kuma apt da ta ƙi aiki ba ta lalace ba. Ta ga fayilolin da aka sa wa hannu a ranar da, a lissafin sabarka, ba ta zo ba tukuna, sai ta ƙi yarda da su. Haka takardun shaidar shafukan intanet suke yi.

Ga masu karatu da matsalarsu ta yi kama da wannan amma reach yake nuna 0, da .INIT. a gefensa, taku daban ce: tambaya tana fita, amsa ba ta dawowa. Ku gwada ntpdig da adireshin majiyar, ku karanta journalctl -u ntpsec, ku binciki katanga da sunayen sabobi. Wanda kuma ya ga bambancin awa ɗaya cif, ba mintoci ba, ya bar NTP ya duba shiyyar lokaci da timedatectl. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, shiyyar ita ce Africa/Lagos ko Africa/Niamey. Kuma kowa ya tuna, a Debian 12 gyara a tsohon /etc/ntp.conf aikin banza ne, ba shi ake karantawa ba.

Komawa Debian 11 ba na ba ka shawararsa. Debian ba ta tallafa wa saukowa daga sabo zuwa tsoho, sai dai ka goge ka sake girkawa, kuma kulawar tsaro ta yau da kullum ga 11 ta ƙare tun 2024. Saboda layi ɗaya ba a rushe saba. In dai canji kake so, chrony ce abin dubawa. Red Hat ta cire tsohuwar ntp gaba ɗaya tun fitowarta ta 8 a 2019 ta bar chrony, kuma tana jure wa layin intanet mai yankewa da kwamfutar da ake yawan kashewa, irin halin da muke ciki. Tana aiki da majiya ɗaya ba tare da gardama ba. In ka girka ta, apt da kanta za ta cire ntpsec, don Debian ba ta barin manhajojin lokaci biyu su zauna tare suna jan agogo ɗaya. Sai dai chrony ba ta ba kowa lokaci sai ka ƙara layin allow da adireshin cibiyarku, in ka manta, saba za ta daidaita, kyamarori su ci gaba da ɓata.

Bayan tauraro ya fito, ka zaga na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba sa tambayar lokaci sai bayan awanni, sai ka shiga saitinsu ka tilasta musu ko ka kashe ka kunna. Sannan ka rubuta wa hedikwata, ka liƙa musu layin tos ɗin nan yadda yake. In duk rassanku majiya ɗaya suke bi, kowane reshe da aka ɗaga zuwa 12 aka sa masa sabon fayil ɗin, abin da ya same ka zai same shi.