Harshe Da Hanyoyin Farin Sashen Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda masana ke amfani da hoton ƙwaƙwalwa wajen gano dangantakar harshe da hanyoyin da saƙo ke bi a cikinta.

2.0 Mene Ne Farin Sashe?

Ƙwaƙwalwa tana da sashe mai ruwan toka, inda ƙwayoyin jijiya suke, da kuma farin sashe, watau zaruruwan da ke sada su da juna. Wani kitse ne ya lulluɓe zaruruwan, shi ya ba su farin launi, shi ne kuma ke ƙara wa saƙo sauri. A 1861 Paul Broca na Faransa ya danganta furuci da wani gurbi a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya danganta fahimta da wani gurbi a bayansa. Wata tanƙwararriyar igiya ce ta haɗa guraben biyu. In ta lalace, sau da yawa majinyaci yakan fahimci magana, amma ya kasa maimaita ta daidai.

3.0 Yadda Ake Ɗaukar Hoton

A da sai an feɗe gawa ake ganin waɗannan hanyoyi. A 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da dabarar auna motsin ruwa da na'urar maganaɗisu ta MRI. Ruwa ya fi saurin bin tsawon zare bisa ga ƙetare shi, saboda haka inda ya dosa, nan zaren ya dosa.

4.0 Misalai Biyu

A 2009 Manuel Carreiras da abokan aikinsa suka gwada tsofaffin mayaƙan sunƙuru na Kolombiya. Waɗanda suka koyi karatu da girmansu sun fi waɗanda ba su koya ba yawan farin sashe a bayan gadar da ta haɗa ɓarin hagu da na dama. A 2023 kuwa masana a Cibiyar Max Planck ta Leipzig suka kwatanta masu jin Jamusanci 47 da masu jin Larabci 47. Na farko sun fi ƙarfin haɗi cikin ɓarin hagu, na biyu kuma tsakanin ɓarin biyu.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne a yi hattara. Bambancin na matsakaicin rukuni ne, ba ya nuna fifikon wani harshe ko wata al'umma. Amma misalin Kolombiya hujja ce ga masu yaƙi da jahilci cewa girma ba ya rufe ƙofar karatu. Hausa kuwa tana da karin sauti, ana kuma rubuta ta da ajami daga dama, da boko daga hagu. Ke nan mu ɗaliban Hausa muna da tambayoyin da ya kamata mu kai wa likitocin ƙwaƙwalwa.