Masu Gyara Na Ciki Da Na Waje

Darasinmu na wannan wata a kan gyaran mulki ne, watau yadda akan sake al'adar da ta daɗe tana danne talaka. Za mu leƙa Ingila kaɗan, sa'an nan mu komo gida, gama labarin can zai taimake mu mu gane namu.

Sa'anda masaƙun inji suka yawaita a Ingila, aka riƙa ɗibar yara ƙanana aiki tun asuba har dare. Sai mutane iri biyu suka tashi. Akwai na ciki, kamar Lord Ashley, ɗan sarauta, Kirista mai himma, yana da kujera a majalisa. Da ƙoƙarinsa da na abokansa aka yi dokar 1833, wadda ta hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙa, aka kuma naɗa mutum 4 su riƙa zagayawa suna dubawa. Mutum huɗu ga ƙasa duka! Amma da babu gara ba daɗi. Akwai kuma na waje, ma'aikata marasa ƙuri'a. Sau uku suka kai takardar kuka majalisa, a 1839 da 1842 da 1848, suna roƙon abu 6. Sau uku aka ƙi, ƙungiyarsu ta watse. Duk da haka kafin ƙarshen 1918 biyar cikin shidan sun zama doka.

To, mu komo gida. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su rushe sarauta ba, sai suka mai da ita En'e. Sarki shi kaɗai ne En'e. Ɗan doka nasa ne, alƙali nasa, gidan yari nasa, baitulmali a hannunsa. Haraji da jangali kuwa suna hawa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi. Kadan an cuci mutum a wannan hanya, wurin wa zai kai ƙara? Wurin wanda ya aiko a karɓa.

Mu mutanen ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka ba shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Ku tsaya ku yi tunani a nan. Wannan jinin Shehu ne, ya san boko, ya san akwai wata ƙofa, yana da abokan da za su tsaya masa. Manomin da aka ɗaure saboda sule biyar fa? Ko labarin ƙofar bai taɓa ji ba.

Cikin watan Agusta na 1950 abu biyu suka faru, kwanaki kaɗan tsakaninsu. A Kano mutum 8 suka kafa jam'iyyar NEPU, ran 8 ga wata. Kalmarsu ita ce sawaba, ba su ɓoye ba suka ce tsakanin masu sarauta da talakawa akwai jayayya. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru, cikin lardin Sakkwato, ya ajiye aikin ya shiga, daga baya ya zama shugabansu. A Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe cikin majalisa ya roƙi a binciki En'e a gyara ta. Da ƙyar maganarsa ta wuce. Amma daga gare ta aka fara tilasta wa sarki ya yi shawara da majalisarsa, har aka kai ga dokar En'e ta 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya.

Na waje su suka sha wuya. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa hawa ne, kafin a kai sama ba ko ɗayansu da ya rage. An yi musu bulala, an ɗaure su a kotunan da suke kuka da su. Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da yawa, tana neman ƙuri'a ga matan Arewa. Ba su taɓa kafa gwamnati ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, matan Arewa kuma suka sami ƙuri'a. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Mun lura yawancinmu mukan yabi ɗaya mu zagi ɗaya, bisa ga jam'iyyar da kakanmu ya bi. A ganinmu wannan ba adalci ba ne. Na ciki yana da alƙalamin rubuta doka, amma yakan yi sanyi, gama yana cin abinci da waɗanda za a rage wa iko. Na waje ba shi da alƙalami, sai murya da bayan da zai karɓi bulala, amma ba domin muryarsa ba da na ciki bai yi hanzari ba.

Akwai wani gyara da bai yi ƙara ba, watau Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da ajin karatu na manya wanda ikilisiyoyi ma suka riƙa yi. Mutumin da ya iya karanta rasit ɗin harajinsa da wuya a karɓa masa sau biyu. Kafin ku taru nazarin wata mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ɗaya a garinsu ya tambaye shi nawa ya biya a shekarar da ya fara biya, wa ya karɓa, ko kuwa an ba shi takarda.