Gareji Cike da Ƙarafa, Amma Babu Sufana Lamba 10

Wani mai karatu daga Kaduna ya aiko da tambaya. Ya ce yana da gareji a gida, da Corolla ɗaya, da janareta, da kekunan yara, kuma yana so ya ware gefe guda don ƙananan gyare-gyare. Ya sha sayen kayan aiki, amma duk ranar da aiki ya taso sai ya nemi abin da yake so ya rasa. Wani abokinsa ya ce ya sayi babban akwatin nan mai kaya ɗari da wani abu ya huta. Yana tambaya ko ya saya.

Ranka ya daɗe, kada ka saya tukuna. Na buɗe irin akwatunan nan a gidaje da dama, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: gurbi biyar ko shida babu komai, sauran kayan kuwa suna nan sababbi fil, ko maiƙo bai taɓa su ba. Waɗanda suka ɓace su ne ake aiki da su. Waɗanda suka rage kuɗi ne aka binne a cikin roba.

Kafin ka doshi kasuwar Panteka, ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da suka taso maka a shekarar da ta wuce. Canza taya, ɗaure kan batir, juye baƙin man janareta, famfon da ke zuba, ƙofar da ta sauka, sarƙar keke. Wannan takardar ita za ta yi maka ciniki. Sannan ka buɗe bonet ka dubi motarka da kyau, domin mota ita ke faɗa wa mai ita irin sufanar da zai saya. Motocin Japan, irin su Toyota da Honda, notinansu na tafiya ne a kan lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Motocin Turai, irin su Peugeot da Volkswagen, sun fi son lamba 13 a inda ta Japan ke ɗaukar 12. Notin tayar Corolla lamba 21 ne, na yawancin Honda kuwa 19. Wanda ya san wannan ya san cewa sufana bakwai ko takwas masu kyau sun ishe shi, irin mai buɗaɗɗen baki a gefe guda da zobe a ɗaya gefen.

Akwai tarkon da masu sayen gwanjo ke yawan faɗawa. Kayan da aka kwaso daga Amurka da yawansu awon inci ne, ba milimita ba. Sufanar rabin inci milimita 12.7 ce, ta yi wa noti lamba 12 yawa. Mai 9/16 kuma milimita 14.3 ce, za ta hau noti lamba 14 kamar ta zauna daidai, sai ka danna da ƙarfi ta zame ta cinye kusurwoyin notin. Daga nan aikin minti biyar ya zama na kai wa mai walda. Duba rubutun da ke jikinta. In ka ga lamba bisa lamba da karan tsaye a tsakani, ajiye ta, ba taka ba ce. Soket kuma ka nemi mai kusurwa shida a ciki, ya fi mai goma sha biyu riƙe tsohon noti. Ramin da hannun soket ke shiga shi kam da inci ake auna shi ko'ina, kuma mai 3/8 ya wadatar da aikin gida, sai notin taya da ke son mai rabin inci da dogon hannu.

Ban hana ka gwanjo ba, ka ji ni da kyau. Tsohuwar sufanar da ta yi shekara talatin a hannun wani bakanike ba ta karye ba, ta riga ta ci jarrabawa. Sabuwa mai ƙyalli kuwa sai an bincika. Za ka ga an buga Cr-V a jikin da yawa, wato ƙarfe mai haɗin kurom da banadiyam, amma buga haruffa ba ya wa mai jabu wuya. Dabarata ita ce in tafi kasuwa da noti lamba 10 da lamba 14 a aljihu. Ko a Panteka ne, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, sai in ɗora sufanar a kan notin a gaban mai shago. In tana rawa, na bar masa kayansa. Filaya kuma ka rufe bakinta ka ɗaga ta sama; in haske na ratsa tsakanin haƙoran, ba za ta riƙe waya ba.

Sauran kayan hannu ba su da yawa: guduma matsakaiciya, filaya biyu, sukudireba mai faɗin baki da mai kan tauraro manya da ƙanana, zarton ƙarfe, magagari, tef na awo mai mita 5, testa, da sufanar famfo. Sufanar nan mai daidaitawa da babban yatsa ka ajiye ta don lalura kawai, ita ce sarkin cinye noti.

Inda nake so ka saki hannu shi ne abin da zai riƙe mota a sama. Jak ɗin da ya zo da mota na canza taya ne a bakin hanya, ba na shiga ƙarƙashi ba. Ko jak mai mai ne, robar cikinsa na iya saki ba sallama. Sayi ƙafafun ƙarfen nan biyu da ake tokare mota da su, masu ɗaukar tan 2 ko 3, ka sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. Kada ka tokare da bulo. Bulonmu yashi ne da ɗan siminti, ga rami a ciki; ba ya lanƙwasa ya gargaɗe ka, farfashewa yake yi lokaci guda.

Na'urar lantarki ta farko da za ka saya ita ce injin huda, kuma ka tabbatar yana da tsarin bugu don bango. Karanta ƙaramin allon da ke jikinsa kafin ka biya. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injin da aka yi wa wutar can, in ka cusa shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya zai yi sai ƙauri. Cajar masu batir ma haka take. Da yake wuta sai an ga dama, mai batir ya fi maka, amma ka tsaya a kan kamfani ɗaya, Makita ne ko Bosch ko Ingco, domin batirin wannan ba ya shiga na wancan, kuma batirin kan fi injin tsada. Kada rubutun 20V ya sa ka ƙara kuɗi, shi da 18V abu ɗaya ne, wajen aunawa suka bambanta. Batiran kuma su kwana a cikin gida. Gareji mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ma kan yi tsanani, tanda ne, kuma zafi na rage musu kwana.

Giranda ka jinkirta ta sai ka ga lallai kana yankan ƙarfe. Ƙaramar, mai faifai milimita 115, tana juyawa kusan sau 11,000 a minti. Faifan yankan yana da ranar lalacewa, an buga ta a zoben ƙarfen tsakiya, kuma wanda ya daɗe ko ya sha danshi yana iya tarwatsewa a fuskar mutum. In ka saya, kada ka cire mata murfin kariya kamar yadda za ka ga ana yi a bakin titi, kuma ka sa gilashin ido.

Yanzu ga asalin ciwon da ka kawo, wato nema a rasa. Maganinsa bango ne. Sami falle ɗaya na filawud mai kauri, ka fara kafa katako biyu a kwance a jikin bulon, sannan ka ɗaure filawud ɗin a kansu, domin ƙusa kaɗai ba ta zama a bulo mai rami. Shimfiɗa kayanka a ƙasa tukuna ka jera su yadda kake so, sufanu daga ƙarama zuwa babba, abin da ka fi ɗauka a daidai ƙirji kusa da hannun da kake aiki da shi. Buga wa kowanne ƙusarsa, ka rataye, sannan ka zagaye shi da maka ka zana siffarsa a jikin allon. Amfanin zanen shi ne duk abin da ba ya nan, inuwarsa za ta tsaya tana kallonka. Da yamma kallo ɗaya ya isa ka san lamba 10 ba ta dawo ba, tun kana iya tuna inda ka yi aiki da ita. Akwati ba ya yi maka wannan. Sai ranar buƙata yake ba ka labari.

Ƙarƙashin allon ka sa tebur mai nauyi, tsayinsa kamar santimita 90, ko ka tsaya ka saki hannu ya zo maka daidai wuyan hannu. Ɗaure bais a kusurwa, a kan ƙafar teburin, don bugu ya sauka ƙasa. Fitila ta kasance a gabanka, ba a bayanka ba.

Ƙananan kaya su ne masu cinye lokaci. Kowane gida akwai gwangwanin madarar nan da aka tara noti da ƙusa da wosha da makullin da ba a san ƙofarsa ba. Juye shi a faranti ranar Asabar ka rarraba. Kwalaben roba masu haske sun fi, kowacce da rubutu a jiki da murfi, saboda ƙurar hunturu da danshin damina. Ka raba bol gwargwadon kauri, 6, 8, 10, kuma ka dubi kansa. In ka ga 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa ke nan, irin na mota ne. Wanda babu lamba ka bar shi wa ƙofa da benci, kada ya kusanci birki ko ƙafar mota. Akwai kuma zancen zare: bol mai kauri 10 na motar Japan yawanci zarensa 1.25 ne, na kasuwa kuwa 1.5. Notin da ya yi zagaye biyu da hannu ya cije, ba tsatsa ba ce, ba nasa ba ne. Kada ka tilasta shi da sufana.

Maganin tsatsa ba komai ba ne sai tsumma mai ɗan baƙin mai a goge ƙarfe bayan aiki, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Amma tsummokaran kada su taru a lungu, ka zuba su a gwangwani mai murfi. Jarkar fetur ba ta da wuri kusa da teburin nan, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi daɓe har ya tarar da tartsatsi. Janareta kuma ba a kunna shi a cikin gareji ko da ƙofa a buɗe. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, kuma garejin da ke manne da ɗakin kwana ya fi kowanne haɗari. Rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, ba can ciki ba. Zarto, reza da ruwan batir su hau sama ko su shiga durowa mai kwaɗo, tunda ka ce akwai yara.

Saura maƙwabta. Daga ranar da aka ga allon nan, sallama za ta ƙaru, kuma ba za ka ce wa maƙwabci babu ba alhali ga shi yana gani a rataye. Tsofaffin kayan da ka riga ka tara, waɗanda ba su ci jarrabawar noti ba amma suna ɗan aiki, zuba su a jaka guda, ita ce jakar aro. In kuma dole sai daga allon za a ɗauka, rataye ɗan alli a gefe ka rubuta sunan mai aron a cikin zanen abin da ya ɗauka, a gabansa, kana dariya. Lamba 10 kuwa, sufana da soket, sayi bibbiyu tun yau, ɗaya a allo, ɗaya a aljihun mota.