DARASI: YARON DA YAKE KOYO DA IDO

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu manoma mun san haka. Ba mu karɓar sabon iri domin an yabe shi da baki, sai mun ga yadda ya yi a gonar wani. Yara da yawa haka suke. A faɗa masu abu sau biyar su manta, a nuna masu sau ɗaya su riƙe.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Tun 1976, da aka soma shirin UPE, ake tura yaran ƙauye makarantar firamare. Amma a ajin da yara suka yi yawa, littattafai kuwa ba su isa ba, malam yakan faɗa, yara su maimaita. Yaron da ba ya kama magana da sauri sai a bar shi baya, a ce masa daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Daga nan ya ƙi makaranta. A Tsaskiya da sauran garuruwan Safana da Batsari akwai ƙarin damuwa. Hare-haren 'yan bindiga daga wajen dajin Rugu, musamman daga 2019, sun raba yara da yawa da aji. Abin da suka rasa, dole gida ya taimaka a cike shi.

Hoto yana koyar da manya ma

A ƙarshen shekarun 1950 wani likita, David Morley, ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa. Ya shirya katin awon jarirai mai layi. Idan layin yana hawa, yaro yana girma. Idan ya kwanta ko ya sauka, akwai matsala. Uwar da ba ta iya karatu ba ma tana iya ganewa. Irin katin ya bazu ƙasashe da yawa.

Amma mu yi hankali. A 2008 waɗansu masana a Amurka, ƙarƙashin Harold Pashler, sun duba binciken da aka yi, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa raba yara, a ce wannan na ido ne, wancan na kunne ne, yana ƙara masu ilimi ba. Saboda haka kada mu laƙaba wa yaro suna. Mu haɗa faɗi da nuni ga dukansu. Wanda yake baya shi zai fi cin moriya.

Abin da za mu yi a gida

1. Lissafi. A ba yaro tsakuwa ko ƙwayar masara. Ya ja kunya 4 a ƙasa, ya sa ƙwaya 6 a kowace, ya ƙirga. Da idonsa zai ga 4 sau 6 ya zama 24. A karya kara gida biyu, sannan gida huɗu, ya ga rabi da kwata.

2. Baƙaƙe. A rubuta su manya a ƙasa ko da gawayi a bango, a zana abin kusa da harafinsa: ɓera ga ɓ, ƙaho ga ƙ. Yara sukan rikita b da d. A rubuta su gefe da gefe, yaro ya bi kowanne da yatsa yana faɗa.

3. Aiki. Kada mu tsaya ga umarni. Mu ɗaure akuya yana kallo, sannan shi ma ya ɗaure muna kallo.

4. Aike. Idan zai sayo abu uku, a zana masa su, ko a ba shi tsakuwa uku.

5. Bayan makaranta. Maimakon mu ce, "Me aka koya maka?" mu ce, "Zana mini abin da aka koya maka." Sannan ya bayyana zanen da bakinsa.

Mu duba kunne da ido

Wani yaron yana dogara ga ido ne domin ba ya ji sosai. Ƙyanda, sanƙarau da kunne mai fitar da mugunya suna iya rage ji. Mu tsaya a bayansa mu kira sunansa a hankali. Idan bai waiwayo ba sau da yawa, mu kai shi asibiti. Haka kuma wanda yake matse ido in yana duban allo. Mu roƙi malam ya zaunar da irin waɗannan yara a gaba.

Abin da ƙungiya za ta yi

Ƙungiya tana iya shafa baƙin fenti a bangon ɗakin ajiyarta ya zama allo, ta sayi alli daga asusu. Manyan yara su koya wa ƙanana da yamma, kafin duhu. Sakatare ya bar su su ƙirga buhuna da tiya ranar rabon taki. Yaron da ya iya wannan yau, ba za a cuce shi a wurin awo gobe ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Akwai yaro a gidanmu da muka yanke wa ƙauna? Mun taɓa gwada nuna masa?
2. Wane bango za mu mai da allo, wa zai kula da shi?
3. Su wa za mu aika su yi magana da shugaban makaranta kafin taro na gaba?