Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Amincewa da Digirin Kiɗa da Waƙa?

Malam daga Tsafe, ka tambaya ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, za ta iya buɗe digirin waƙoƙin zamani da kanta. To, sai da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Majalisar malaman jami'a ce ke fara amincewa da manhajar, sannan jami'an hukumar su zo su duba malamai, littattafai, kayan kiɗa da ɗakin naɗar sauti. Tsarin manhaja na NUC na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. A cikin wannan kason, jami'ar ta Gusau a nan Zamfara za ta iya koyar da waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kuma lallai sun cancanta.