Bikin Ranar Haihuwar Yaro

Ya mai karatu, kakanninmu ba su san bikin ranar haihuwa ba. Abin da suka sani shi ne suna, bayan kwana bakwai da haihuwa, sa'an nan kaciya, sa'an nan aure. Shekaru kuwa da damina suke ƙidaya su, ko su ce an haifi wane shekarar fara, ko shekarar da aka naɗa sarki wane. Amma yanzu yara suna ganin wannan al'ada cikin waya, suna jin labarinta daga Katsina da Dutsin-Ma, har ta iso Zakka. Wataƙila ɗanka ya riga ya roƙe ka. Me za ka amsa masa?

Ka sani bikin nan ba doka ba ne, ba kuwa zunubi ba ne. Amma akwai tarko a cikinsa. Bisharar Markus, sura 6, ta ba da labarin sarki Hirudus, wanda ya tara manyansa ran bikin haihuwarsa. Ya yi rantsuwa a gaban baƙi, ya ji kunyar warware ta, saboda haka aka fille kan Yahaya Mai Baftisma. Tarkon ke nan, watau mutum ya yi biki domin idon baƙi. Idan za ka yi wa ɗanka, ka yi shi domin yaron, da godiya ga Allah wanda ya raya shi. Ga abu biyar da za su taimake ka.

1. Ka fara sanin ranar. Yaya za ka tuna da ranar da ba ka rubuta ba? Tun 1992 dokar Nijeriya ta wajabta rajistar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce kuwa take ba da takardar. Dokar ilimi ta 2004 kuma ta sa karatun firamare ya zama tilas ga kowane yaro. Takardar nan ta fi kowace kyauta amfani, gama ita za a tambaye shi a makaranta. Idan ɗanka ba shi da ita, ka nema masa kafin ka sayi ko ƙwayar alewa.

2. Ka duba rumbunka kafin ka kira mutane. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kai manomi ne, ka sani gero yana da araha da kaka, yana da tsada sa'ad da damina ta yi tsakiya. Wanda ya sayar da dami biyar domin bikin yini ɗaya, shi ne zai auno hatsi da tsada a watan Agusta, yaron da aka yi wa biki kuwa shi zai kwana da yunwa. Kada ka ci bashi domin wannan. Ka yi shawara da uwar ɗakinka tun da wuri, kada ta mai da shi bikin da mata sukan kai wa juna gudummawa a rama da ninki, gama wannan ma bashi ne. Fura, da ƙosai, da gyaɗa, da dafaffen rogon Batsari sun isa faranta ran yara. Ba lalle sai kek da lemon kwalba ba.

3. Ka lura da wanda za ka kira. A Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya koya wa mai biki ya kira matalauta da naƙasassu, waɗanda ba su iya rama masa. A ƙasarmu ba sai ka yi tafiya ba kafin ka same su. A 2019 da 2020 'yan bindiga daga dajin Rugu suka auka wa ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana, suka bar marayu da waɗanda suka gudu daga gidajensu. Ka zaunar da ɗan gwauruwa a tabarma ɗaya da ɗanka, su ci a akushi ɗaya. Kada ka manta da 'ya'yan maƙwabtanka Musulmi. Ka je ka gaya wa iyayensu da bakinka, in kuwa akwai nama ka ba mahauci Musulmi ya yanka, domin kowa ya ci ba da shakka ba.

4. Ka tsare yaran da aka ba ka amana. Ka yi taron da hantsi, a watse da la'asar, kowane yaro ya isa gida da sauran rana. Kada burukutu ko wata giya ta shiga gidanka ran nan. A ajiye ruwan sha mai tsabta, a wanke musu hannu kafin su ci, a rufe bakin rijiya. Maza su yi langa, mata su yi gaɗa da carafke, wani babba kuwa yana zaune yana duban su.

5. Ka yi wa ɗanka magana. Kafin a raba abinci, ka kira shi gabanka, ka faɗa masa shekarunsa, ka ba shi labarin ran da aka haife shi da cututtukan da ya tsallake. Ka sa masa albarka, ku yi addu'ar godiya. Sa'an nan ka ba shi ƙwarya ya raba wa baƙinsa da hannunsa, shi ya ci daga baya. Da haka zai koya tun yana ƙarami cewa mai gida shi ne baran baƙinsa.

Idan kuwa bana rumbu bai ba da hali ba, kada ka ji kunya. Ka tara iyalinka da safe, ku yi godiya, ku sha kunu tare. Ɗanka bai rasa kome ba.

Tambayoyi
1. Me ya sa Hirudus bai warware rantsuwarsa ba?
2. Ka san ranar da aka haifi kowane ɗaya daga cikin 'ya'yanka?
3. Wane yaro ne a unguwarku ba a taɓa kiransa biki ba?